Sin: Yadda jam'iyya ɗaya ke zaɓa wa mutum biliyan 1.4 abin hira

Kullum da ƙarfe 7 na yamma agogon Beijing, babban gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, yana watsa labaran ƙasa na rabin awa da ake kira Xinwen Lianbo, manyan tashoshin larduna kuma su jona su ɗauka kai tsaye. Tun 1978 ake yin shirin. Sinawa da kansu suna da barkwanci a kansa: wai minti goma na farko shugabanni na ta fama da aiki, minti goma na biyu talakawa na cikin jin daɗi, minti goma na ƙarshe kuwa sauran duniya na ci da wuta. Wanda ya iya ƙirƙiro wannan barkwanci idonsa a buɗe yake, ya san abin da ake yi masa. To me ya sa gwamnati ke ci gaba da zuba maƙudan kuɗi a kan abin da jama'a suka riga suka gano, kuma me ya sa har yau yake yi mata aiki?

A ganina muna yawan yi wa farfagandar Sin gurguwar fahimta. Muna ɗauka duk burinta a gaskata ƙarya. Tana so a gaskata ta mana, wa zai ƙi? Amma aikin da ta fi ba muhimmanci shi ne ta zaɓa wa jama'a abin da za su yi hira a kai yau, sannan ta sa duk mai shakka ya ɗauka shi kaɗai ne ke shakkar. Mutum miliyan da kowannensu ke gunaguni a ɗakinsa ba sa hana gwamnati barci. Mutum dubu da suka san juna, suka sa rana da wuri, su ne abin tsoro.

Sai an fara da tsarin mulkin kansa. A Sin jam'iyya ce a sama, gwamnati na ƙarƙashinta. Muƙamin Xi Jinping mafi nauyi shi ne babban sakataren Jam'iyyar Kwaminis, wanda ya karɓa a Nuwamban 2012, kafin ya zama shugaban ƙasa a Maris na 2013. Hatta rundunar soja ta jam'iyya ce. Jam'iyyar na da mambobi wajen miliyan 100, da rassa a ma'aikatu da jami'o'i da asibitoci da manyan kamfanoni. A cikin sassanta akwai Sashen Farfaganda na Kwamitin Tsakiya, mai reshe a kowane lardi da birni da gunduma. Shi ke aika wa editoci umarni: kada a taɓa labari kaza, labari kaza a ɗauki na kamfanin dillancin labarai na Xinhua kawai, kada a ƙara ko wasali, wancan a sauke shi daga shafin farko, wancan a rufe wurin tsokacin masu karatu. Sau da yawa ta waya ake bayarwa don kada a bar takarda. Abin da duniya ta sani game da irin waɗannan umarni ya fito ne daga waɗanda 'yan jarida suka kwarmata, kuma shafin China Digital Times da ke Amurka ya daɗe yana tattara su. A 2018 aka ƙara wa sashen iko, harkar fina-finai da ta jaridu da ɗab'in littattafai suka koma hannunsa kai tsaye.

Da can akwai ɗan sarari. A 2003 wani matashi mai suna Sun Zhigang ya mutu a wurin tsare mutane a birnin Guangzhou, bayan 'yan sanda sun kama shi don ba ya ɗauke da takardar izinin zama a birnin. Jaridar Southern Metropolis Daily ta bi diddigi ta gano dukansa aka yi har ya mutu. Ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan watanni gwamnati ta soke dokar da ake tsare baƙin birni da ita. An ɗauki fansa a kan shugabannin jaridar daga baya, amma dai an ga cewa jarida na iya girgiza hukuma.

Wannan sarari ne aka toshe bayan zuwan Xi. A Janairun 2013 jami'an farfaganda na lardin Guangdong suka sauya sharhin sabuwar shekara na jaridar Southern Weekly, wanda ya yi kira a yi mulki bisa kundin tsarin mulki, suka mai da shi yabon jam'iyya. A shekarar ce kuma aka rarraba wa jami'ai wata takardar sirri da ake kira Takarda ta 9, mai lissafa abubuwa bakwai masu haɗari, ciki har da dimokuraɗiyya irin ta Yamma, da ƙungiyoyin farar hula, da 'yancin jarida, da tone-tonen kurakuran jam'iyya na baya. 'Yar jarida Gao Yu, wadda ta haura shekara 70, ta sha hukuncin ɗaurin shekara 7 a 2015 bisa zargin ita ta fitar da takardar waje.

Ranar 19 ga Fabrairun 2016 Xi ya zagaya jaridar People's Daily da Xinhua da CCTV, ya ce dole kafofin yaɗa labarai na hukuma su ɗauki jam'iyya a matsayin sunan gidansu. Wani attajirin gine-gine, Ren Zhiqiang, ɗan jam'iyya kuma ɗan babban jami'i, mai mabiya sama da miliyan 37 a dandalin sada zumunta na Weibo, ya mai da martani cewa da kuɗin harajin jama'a ake tafiyar da kafofin, don haka jama'a ya kamata su yi wa aiki. Aka rufe shafinsa. A 2020 ya sake yin wani rubutu na caccakar yadda aka tunkari korona, sai aka kama shi aka yanke masa shekara 18 a kan laifin almundahana. A lura da laifin da aka tuhume shi da shi, ba a ambaci rubutun ba. Idan mai kuɗi da uwa a gindin murhu irin Ren ya ƙare a haka, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A intanet ne abin ya fi ban mamaki, domin a ƙarshen shekarun 1990 mutane da yawa a Yamma sun yi imanin cewa intanet za ta fi ƙarfin jam'iyyar. Ba haka ta kasance ba. An gina shinge da ya raba intanet ɗin Sin da ta sauran duniya. Tun 2009 aka toshe Facebook da Twitter da YouTube, Google kuma ya janye injin bincikensa daga babban yankin ƙasar a 2010. Wanda ya nace yana iya tsallake shingen da VPN, wato manhajar da ke bi da mutum ta wata ƙasa ya shiga shafukan da aka toshe, kuma akwai masu yi. Sai dai yawancin mutane ba su ga dalilin wahalar ba, tunda a cikin gida akwai WeChat da Weibo da Douyin da Baidu, masu sauri, cikin harshensu, kuma duk abokansu na can. Da WeChat mutum ke hira da iyali, ya biya kuɗin tasi, ya yi cefane, ya yi magana da wurin aiki. Wanda aka rufe wa shi ya shiga uku tun kafin a kai ga kotu.

Kuma yawancin gogewar ba ma'aikatan gwamnati ke yi ba. Doka ta ɗora wa kamfani alhakin duk abin da aka wallafa a dandalinsa, don haka kamfanonin ke ɗaukar dubban ma'aikata su zauna suna tacewa, sukan ma wuce gona da iri don gudun tara ko rufewa. Kamar a ce wa mai shayi duk maganar da aka yi a teburinsa shi za a kama: ba sai an ajiye ɗan sanda a wurin ba, shi da kansa zai riƙa katse hira. Ga kuma rajistar shafi da lambar waya mai haɗe da katin shaida. Ga fassarar da kotun ƙoli ta yi a 2013, cewa rubutun ɓata suna da aka yaɗa sau 500 ko aka karanta sau 5,000 na iya kai mutum kurkuku har shekara 3. Kafin a kai nan akwai matakin da Sinawa ke kira shan shayi: 'yan sanda su kira mutum su zauna da shi cikin lalama, su nuna masa rubutunsa, su tambayi lafiyar iyayensa da makarantar ɗansa, su sa ya rubuta alkawarin ba zai sake ba. Galibi nan maganar ke ƙarewa.

Wasu masu bincike uku, Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts, sun yi aikin da ya haska wannan tsari sosai. Sun kwafe miliyoyin rubuce-rubuce daga dandalin Sin kafin a goge, sannan suka koma suka duba waɗanne ne suka ɓace. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna cewa rubutun zagin jami'ai da kukan tsadar rayuwa sau da yawa ana barin sa. Abin da ake saurin gogewa shi ne duk maganar da ke iya tara mutane a titi, ko da masu maganar goyon bayan gwamnati suke yi. A 2017 kuma, bayan wasu wasiƙun ofishin farfaganda na gundumar Zhanggong a lardin Jiangxi sun fito fili, suka ƙiyasta cewa gwamnati na ƙirƙirar tsokaci wajen miliyan 448 a shekara da sunan talakawa. Da suka duba abin da ke ciki, kusan babu jayayya da masu suka. Yabo ne kawai, da taya murna, da tuna gwarazan ƙasa, ana kwararo su daidai lokacin da wani abu mai zafi ya taso. Hikimar a fili take: jayayya na raya magana, sauya zance kuwa na kashe ta.

Wanda ke son ganin dukkan waɗannan dabaru a wuri guda ya dubi abin da ya faru da Dakta Li Wenliang, likitan ido a Babban Asibitin Wuhan. Ranar 30 ga Disamban 2019 ya rubuta wa abokan karatunsa a wani zauren WeChat cewa an ga marasa lafiya bakwai masu cuta mai kama da SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, kuma suna da alaƙa da wata kasuwar kifi. Ranar 3 ga Janairun 2020 'yan sanda suka kira shi suka ajiye masa takardar gargaɗi. A ƙasanta akwai tambayoyi biyu. Za ka iya daina wannan aika-aika? Ya rubuta: zan iya. Ka fahimci cewa in ka ci gaba doka za ta hau kanka? Ya rubuta: na fahimta. Ya dangwala yatsa da jan tawada, ya koma bakin aiki, ya kamu da cutar daga wata majinyaciya.

A daren 6 ga Fabrairu kafofin gwamnati suka ba da labarin rasuwarsa, suka janye, asibiti ya ce ana ƙoƙarin ceto shi, sai da asubahin 7 ga wata aka tabbatar. Intanet ɗin Sin ta yi ambaliyar fushi irin wadda aka daɗe ba a gani ba, maudu'in neman 'yancin faɗin albarkacin baki ya yaɗu na wasu sa'o'i kafin a goge. Abin da ya biyo baya shi ne wurin lura. Beijing ta tura masu bincike Wuhan. Aka sauke shugabannin jam'iyya na birnin da na lardin Hubei. Aka janye takardar gargaɗin, 'yan sanda suka nemi afuwar iyalansa, a watan Afrilu kuma aka sa shi cikin jerin gwarazan da suka sadaukar da rai, ana ta jaddada cewa ai ɗan jam'iyya ne. Mutumin da ya zama hujja a kan tsarin sai ga shi ya koma ado ga tsarin. Laifi ya tsaya a kan ƙananan jami'ai, bisa tsohuwar ƙa'idar nan ta babu mugun sarki sai mugun bafade. Ita kuwa Zhang Zhan, tsohuwar lauya da ta je Wuhan tana ɗaukar bidiyon asibitoci da tituna da wayarta, shekara 4 aka yanke mata a Disamban 2020, a kan wani laifi mai faɗin baki da ake kira neman rigima da tada fitina.

Tarihi ma yana da masu gadi. Shugabannin Sin sun yi wa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 karatun ta-natsu, kuma darasin da Xi ya sha maimaitawa shi ne cewa jam'iyyar can ta faɗi ne bayan ta bari an zubar da mutuncin tarihinta da shugabanninta na farko. Tun bayan murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a ranar 4 ga Yunin 1989 aka ƙaddamar da tarbiyyar kishin ƙasa a makarantu, wadda ginshiƙinta shi ne ƙarnin wulaƙanci: daga Yaƙin Opium da Ingila na 1839, zuwa mamayar Japan, zuwa 1949 da jam'iyya ta kafa mulki. Wulaƙancin ya faru da gaske, kuma duk wanda kakanninsa suka ɗanɗana mulkin mallaka zai gane zafinsa. Abin da aka ɗora a kai shi ne cewa jam'iyya ce kaɗai ta ceto ƙasa, don haka mai sukar ta yana yi wa baƙi aiki. Ita kuwa ranar 4 ga Yuni babu ita a littafin makaranta, kuma idan ta gabato har alamar kyandir ake cirewa daga Weibo. A 2018 aka yi dokar kare martabar gwarazan ƙasa. Qiu Ziming, wani marubucin intanet mai mabiya sama da miliyan 2, ya nuna shakka a kan adadin sojoji huɗu da Sin ta ce ta rasa a arangamarta da Indiya a kwarin Galwan. Aka fito da shi a talabijin yana ba da haƙuri, aka ɗaure shi wata 8.

Duk da haka, wanda ya ce tsoro ne kaɗai ke riƙe da Sin bai yi adalci ba. Dattijon da ya tashi cikin rabon abinci da kati, yau ɗansa na da gida da mota, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na ratsa lardinsu a kan layin dogo da tsawonsa a faɗin ƙasar ya haura kilomita 40,000, ba ya buƙatar a karanta masa jarida kafin ya ce an ci gaba. Wani dogon bincike na Jami'ar Harvard ya samu sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tambaya a 2016 suna cewa sun gamsu da gwamnatin tsakiya, gamsuwar kuma tana raguwa yayin da aka gangaro zuwa ƙananan hukumomi. Ana iya tambayar ko mutum zai faɗa wa baƙo gaskiyar zuciyarsa a irin wannan ƙasa. Amma farfagandar da ta jingina da abin da ido ke gani ta fi wuyar tunkuɗewa.

Wani reshe na wannan aiki yana iso mu har gida. A garambawul ɗin 2018 aka haɗe CCTV da gidajen rediyon ƙasa, ciki har da Rediyon Sin na Ƙasa da Ƙasa, CRI, wanda sashensa na Hausa ke watsa shirye-shirye tun 1963, aka sa su ƙarƙashin jagorancin Sashen Farfaganda. Tashar CGTN, talabijin ɗin Sin mai watsa wa ƙasashen waje, na da cibiyar Afirka a Nairobi. Umarnin Xi a nan shi ne a ba da labarin Sin da kyau. Ba Sin kaɗai ke kashe kuɗi don a ji muryarta da Hausa ba, Ingila da Jamus da Faransa ma na yi. Ma'aunin da ya dace mai sauraro ya riƙe shi ne: shin wannan tasha ta taɓa ba da labarin da ya kunyata shugaban ƙasarta?

Batun yankin Xinjiang da ke yammacin Sin ya nuna amfanin wannan jari. Da rahotanni suka fara fitowa cewa ana tsare Musulmi 'yan ƙabilar Uyghur masu ɗimbin yawa a sansanoni, da farko Beijing ta musanta, daga baya a 2018 ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne na yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Aka riƙa gayyato jakadu da 'yan jarida da malamai daga ƙasashen Musulmi a zagaya da su wuraren da aka shirya. A Yulin 2019, da ƙasashe 22 suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya wasiƙar suka, wasu 37 suka rubuta ta goyon bayan Sin, ciki har da Najeriya da Saudiyya da Pakistan da Masar. A Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ce abin da aka yi na iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama, Sin ta yi fatali da rahoton. Inda labarin ya ƙi sayuwa shi ne Guangzhou a Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal da sunan korona. Bidiyon 'yan Najeriya na kwana a titi ya riga kowace sanarwa isowa gida, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa a waya.

A cikin gida ma akwai ranar da dabarar ware mutane ta gaza. Bayan gobarar da ta kashe mutum 10 a wani bene a Urumqi, babban birnin Xinjiang, ranar 24 ga Nuwamban 2022, jama'a da dama suka ɗora laifin a kan kullen korona. Matasa suka fito a Shanghai da Beijing da jami'o'i masu yawa suna ɗaga farar takarda da ba a rubuta komai a kai ba, don babu abin da ɗan sanda zai ce an rubuta, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Kusan shekara uku na kulle ya sa kowa ya san maƙwabcinsa ma ya gaji. Ranar 7 ga Disamba gwamnati ta sassauta dokokin, ba tare da ta ambaci zanga-zangar ba. Kafofin da jiya ke tsoratarwa da cutar suka wayi gari suna cewa ta yi sauƙi. Daga baya aka bi wasu daga cikin masu zanga-zangar ɗaya bayan ɗaya aka kama a ɓoye.

Tsarin na da tsada ko ga masu shi, domin wanda ya toshe bakin jama'a ya rage wa kansa ji. Sin ta taɓa biyan wannan farashi da rayuka. A ƙarshen shekarun 1950 jami'an larduna suka riƙa aika wa shugaban jam'iyya Mao Zedong rahoton amfanin gona na ƙarya don su burge, gwamnati ta karɓi hatsi bisa lissafin ƙaryar, ministan tsaro Peng Dehuai da ya yi magana a 1959 aka tsige shi, yunwa ta kashe miliyoyi, ƙiyasin masana da yawa ya kai miliyan 30 ko fiye. Shi ya sa jam'iyya ke da rahotannin sirri da 'yan jaridar Xinhua ke rubuta wa manya kaɗai, amma mai rubuta rahoton sirri ma yana da maigida da yake tsoro. Marigayi firaminista Li Keqiang, lokacin yana shugaban jam'iyya a lardin Liaoning, ya taɓa gaya wa jakadan Amurka cewa alƙaluman tattalin arzikin lardin ƙirƙirarsu ake yi, shi wutar lantarki da kayan jirgin ƙasa da bashin banki yake dubawa.

Yanzu da tattalin arziki ya rage gudu, tacewar ta shiga alƙaluma. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin 100. A watan Agusta hukumar ƙididdiga ta daina fitar da adadin, ta ce za ta gyara hanyar lissafi. A Disamba ma'aikatar tsaron ƙasa ta gargaɗi masu yayata cewa tattalin arziki na taɓarɓarewa. Da aka dawo da alƙaluman a Janairun 2024, an cire ɗalibai daga lissafin, adadin ya sauko zuwa 14.9. A shekarar manyan makarantun Sin suka yaye ɗalibai kusan miliyan 11.8, kuma kowannensu ya san ko ya samu aiki ko bai samu ba.